Ba Mai Cin Ƙwallo Kaɗai Ke Ɗauko Kofi Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu son tamaula a yankinmu, daga gidajen kallo na Kwanar Ɗangora har zuwa filayen firamare na Riruwai: wai yaron da ya iya ƙwallo shi ne mai jefa ta a raga, sauran kuwa cikon sha ɗaya ne. Ba kullum ake furta ta ƙarara haka ba, amma ana aiki da ita. A gasar unguwanni da ake shiryawa bayan an kawar da amfanin gona ko lokacin bikin salla, mai lamba 9 ake yi wa liƙi, shi ake ɗagawa a kafaɗa, shi mai lasifika ke yi wa kirari. Idan Alhajin da ya sa kofi zai ƙara wata kyauta daga aljihunsa, ta wanda ya fi kowa cin ƙwallo ce. Idan aka ji labarin wani ya zo daga Kano neman yara, mai cin ƙwallon ake turawa gabansa.

Masu wannan ra'ayi ba jahilan wasa ba ne. Cikinsu akwai dattawan da suka buga ƙwallo ba takalmi tun kafin a haife mu, akwai iyayen ƙungiya da ke sayen riguna da kuɗin guminsu, akwai malaman makaranta da ke horar da yara kyauta da yamma. Kuma hujjarsu tana da ƙarfi: ba a lissafa komai a ƙarshen wasa sai ƙwallayen da suka shiga, jefa ƙwallo a raga kuma shi ne abu mafi wuya a fili. Za su kawo maka Victor Osimhen, wanda ya ci 10 a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023. Na yarda da duk wannan. Inda na saɓa da su cikin girmamawa shi ne cewa mai cin ƙwallo ne kaɗai ma'aunin iya wasa, musamman a tsakanin yara. Tarihin ƙungiyoyin matasan Najeriya da kansa bai goyi bayan hakan ba.

Sau biyar Golden Eaglets, ƙungiyar yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17, suka ɗauki kofin duniya: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Babu ƙasar da ta kai haka. A waɗannan wasannin ƙarshe guda biyar, ƙwallo ɗaya tak aka zura wa Najeriya, wadda Ghana ta ci a Japan a 1993. Jamus ta Yamma ba ta ci ba a Beijing, Sifaniya ba ta ci ba a Seoul, haka Meziko a Abu Dhabi, haka Mali a Chile. Wannan aikin na wasu yara ne da yawancinmu ba za mu iya kawo sunan uku daga cikinsu ba.

Na 2007 ya fi fito da abin fili. Macauley Chrisantus ya ci 7 a gasar, ya karɓi takalmin zinare, ɗan Kano Rabi'u Ibrahim kuma yana ta yanka da lamba 10 a bayansa. Amma ranar 9 ga Satumba, a wasan ƙarshe da Sifaniya, aka yi minti 120 babu wanda ya ga raga. Da aka je bugun fanareti, Sifaniya ta buga uku ba ta ci ko ɗaya ba, biyu daga ciki gola Dele Ajiboye ne ya tare su. Marigayi koci Yemi Tella, wanda ya rasu makonni kaɗan bayan dawowarsu gida, ya ɗauko kofin nan ne da 'yan baya da suka hana yaran Sifaniya sakat tsawon awa biyu, da kuma hannayen gola. A ɗaya ragar, David de Gea ne yake tsaye.

Ƙungiyar Manu Garba ta 2013 ita ce ake yawan kafa hujja da ita wajen yabon 'yan gaba, don ta ci 26 a wasa bakwai, Kelechi Iheanacho ya zama gwarzon gasa. Sai dai a duba yadda tafiyar ta kasance. A wasan rukuni Sweden ta zura musu uku, aka tashi 3-3. Da suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Sweden ɗin nan ba ta ci ko ɗaya ba. Wasanni uku na ƙarshe, da Uruguay da Sweden da Meziko, ragar Dele Alampasu ba ta motsa ba. Abin da ya canja tsakanin haɗuwar farko da ta biyu ba a gaba yake ba. Kyaftin ɗin ƙungiyar kuma ba ɗan gaba ba ne: Musa Muhammed ne, ɗan Kano, mai tsaron baya ta dama, wanda ke hawa da sauka a gefen fili kamar ba ya gajiya, shi ne kuma ya rufe wasan ƙarshe da bugun tazara. A tsakiyar baya akwai Zaharaddeen Bello da Aliyu Abubakar, a gabansu Akinjide Idowu yana tsinke hare-hare tun kafin su iso. Haka a 1985 ma, wanda ya fara ɗaga kofin nan a madadin Afirka baki ɗaya ɗan baya ne, Nduka Ugbade. Masu horarwa, waɗanda ke kwana da yaran suna tashi da su, sun san wanda suke damƙa wa amanar ƙungiya.

A bencin wannan ƙungiya ta 2013 akwai wani gola da kusan babu wanda ya lura da shi, Francis Uzoho. Bayan shekara biyar shi ne ya tsare wa Super Eagles raga a kofin duniya na manya a Rasha.

Na fi son in daɗe a kan gasar 2009, domin a gabanmu aka yi ta. Najeriya ce mai masaukin baƙi, Kano kuma na cikin biranen da aka buga, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sifaniya ta buga wasa a nan, da yara irin su Isco da Muniain da Morata. Wanda ya karɓi takalmin zinare a gasar ɗansu ne, Borja Bastón. A tsakiyarsu akwai wani yaro marar hayaniya da ake kira Koke, aikinsa ya karɓa ya miƙa, ya toshe gurbi, ya koma. Yau babu wanda ya taɓa buga wa Atletico Madrid wasanni da yawa kamarsa, shi ne kuma kyaftin ɗinta. Switzerland da ta doke mu 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja, 'yan gabanta Seferovic da Ben Khalifa ake ta ambato. Granit Xhaka yana cikin wannan ƙungiya, ba shi ne abin magana ba a lokacin. Duk mai zama gidan kallo a Kiru ko Tudun Wada ya san abin da ya zama a Arsenal, da kuma yadda ya riƙe tsakiyar Leverkusen a kakar da suka ɗauki kofin Jamus a 2024 ba tare da an doke su a gasar ko sau ɗaya ba.

A ɓangarenmu, Sani Emmanuel ne gwarzon gasar gaba ɗaya. Yaro ne mai baiwa, yana tasowa daga benci ya ci ƙwallo, duk ƙasa ta ɗauki sunansa. Shi da abokin wasansa Ogenyi Onazi suka tafi Lazio ta Italiya. Sani bai samu shiga babbar ƙungiyar ba, rauni ya yi ta bibiyarsa, kuma wannan ƙaddara ce da ba a yi wa kowa dariya a kanta. Onazi, ɗan tsakiya mai aikin wahala, shi ya samu gurbi, ya ɗauki kofin Italiya da Lazio a 2013. A shekarar nan kuma shi da Kenneth Omeruo, ɗan bayan waccan ƙungiya ta 2009, suna cikin sha ɗayan da Stephen Keshi ya fara da su ranar da Najeriya ta doke Burkina Faso ta ɗauki kofin Afirka. Da a 2009 an ce wa mai kallo ya zaɓi yaro biyu da za su ɗauko wa ƙasa kofin manya cikin shekara huɗu, da wuya ya nuna waɗannan.

Ba ina cewa kowane ɗan baya yana yin nisa, kowane ɗan gaba yana ɓacewa ba. Kanu ya yi nisa, Osimhen ya yi nisa, 'yan baya da yawa kuma sun ɓace ba labari. Abin da nake cewa shi ne yawan ƙwallayen da yaro ya ci yana ɗan shekara 15 ba ya faɗa maka abin da zai zama. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili. A wannan shekarun yara ba sa girma tare. Wani ya riga ya yi ƙashi da tsawo, sa'ansa kuwa har yanzu muryarsa ba ta buɗe ba. Wanda ya riga girma zai ture kowa ya wuce, ya yi ta ci. Bayan shekara uku sauran sun kamo shi, ƙarfin da yake taƙama da shi ya zama na kowa, sai a ga ashe bai taɓa koyon komai ba bayan gudu da bugu, don ba a taɓa tilasta masa ba. Shi kuwa ƙaramin da aka ajiye a tsakiya ko a baya, rashin ƙarfi ya sa dole ya koyi duba bayansa kafin ƙwallo ta iso, ya koyi inda zai tsaya, ya koyi sakin ƙwallo da wuri. Waɗannan su ne abubuwan da ba sa tsufa. Idan aka haɗa da matsalar rage shekaru, wadda ta sa FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 2009, sai lissafin ƙwallayen yara ya ƙara zama abin taka-tsantsan.

Akwai kuma rashin adalcin da ke tattare da aikin kansa. Ɗan gaba zai zubar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai lamba 4 zai tare hari ashirin, ya kuskure ɗaya, a ce shi ya sayar da wasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Misali mafi ciwo a wurina shi ne Sani Kaita. Ka ambaci sunansa a kowace majalisa, abin da za a fara tunawa shi ne jan katin da ya karɓa a wasan Girka a kofin duniya na 2010, muna gaba da ci ɗaya, aka dawo aka doke mu 2-1. Kuskure ne babba, babu mai musu. Amma mutumin nan, wanda ya fito daga Kano Pillars, shi ne ya riƙe tsakiyar Flying Eagles ta Samson Siasia har wasan ƙarshe a Holan a 2005, inda Ajantina ta sha da ƙyar da fanareti biyu na Messi. Shi ne kuma a tsakiyar ƙungiyar da ta ɗauko azurfa a wasannin Olamfik na Beijing a 2008. Mikel ya samu sararin nuna gwanintarsa a 2005 ne saboda akwai mai share masa baya. Duk wannan an shafe shi da daƙiƙa ɗaya, har da barazanar kisa. Wane yaro ne zai ga haka ya ce shi ma lamba 4 yake so?

Shi kansa Mikel ɗin, har gobe akwai masu cewa Mourinho ne ya kashe shi da ya mayar da shi mai tsaron tsakiya a Chelsea, wai da an bar shi a lamba 10 da ya kamo Messi. Ina fahimtar wannan takaici, don duk wanda ya kalli Mikel na 2005 ya ga abin sha'awa. To amma a wannan gurbin da ake rainawa ya shekara goma a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya, koci na zuwa koci na tafiya, kusan kowanne kuma yana sa shi. A nan ya buga minti 120 a Munich a 2012, ranar da Bayern ta yi ta luguden hare-hare a gidanta amma Chelsea ta tafi da kofin zakarun Turai. Cewa an kashe mai irin wannan tarihi yana nuna yadda muka ɗauki aikin tsaro ne: kamar horo, ba sana'a ba. Haka muka yi wa Garba Lawal na Kaduna, wanda duk inda aka sa shi yake bugawa, ya ɗauko zinare a Atlanta a 1996 ya je kofin duniya biyu. Haka muke yi wa Shehu Abdullahi na Sakkwato, yau a baya ta dama gobe a tsakiya, mai tagullar Rio ta 2016. Maimakon a ce sun iya gurbi uku, sai a ce ba su da gurbi.

Mu mutanen Bebeji bai kamata wannan ya ba mu wahalar ganewa ba. Ana yabon shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, motoci na ɗiba zuwa Kudu, amma ruwan da ya raya su a Tiga aka tare shi, a ƙasarmu, tun zamanin Audu Baƙo. Mai sayen tumatir a Legas bai san sunan madatsar ba, kamar yadda mai kallo bai san sunan ɗan baya ba.

Wasu al'ummomin sun gano wannan gibi sun nemi maganinsa. A Kanada da Sweden da Finland, akwai wasan da ke tara jama'a kamar yadda tamaula ke tara mu, wato hoki na kan ƙanƙara, wanda ake yi da sanda da ɗan faifan roba. Kowace shekara, yawanci daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, suna gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma a Kanada gari kan tsaya cak saboda ita. Su ma suna da taurarinsu, su ma 'yan kallonsu sun fi son mai ci. Amma tsarin lissafinsu ya rage zaluncin. Duk ƙwallon da aka ci, ana rubuta sunan wanda ya ci da mutum biyu da suka taɓa ta kafin shi, kuma makin mai bayarwa daidai yake da na mai ci. Idan ɗan wasa ya yi laifi aka fitar da shi na minti biyu, akwai yaran da aikinsu ke nan: su shiga su huɗu su tare mutum biyar, su jefa jikinsu gaban faifan da ke tafe kamar dutse. Koci ba ya tafiya gasa ba tare da irinsu ba, ko da zai bar wani mai yawan ci a gida. Babbar gasar ƙwararrunsu ta Arewacin Amurka tana da kofi na musamman tun 1978 domin ɗan gaban da ya fi kowa iya tsaro. A wasan ƙarshe na matasan a Edmonton a watan Agustan 2022, Mason McTavish na Kanada, wanda ya fi kowa maki a gasar, ba da ci ake tuna shi ba. Ana cikin ƙarin lokaci faifan Finland ya wuce gola yana shirin tsallake layi, ya sa sanda ya kakkaɓo shi, jim kaɗan bayan haka Kanada ta ci ta ɗauki kofi. Ba mu da ƙanƙara, amma babu abin da ya hana mu aron wannan lissafi.

Abin da ya sa maganar nan ta dame ni shi ne abin da take yi wa yaranmu tun a filin unguwa. Kowa ya san yadda ake rabon gurbi: mai ƙwallo da babban yaro su ne a gaba, wanda ba a yarda da ƙafarsa ba a tura shi baya, wanda ya fi kowa ƙanƙanta ko ya makara a ce ya shiga raga. Gola a filayenmu yana faɗuwa ne a kan tsakuwa da busasshiyar ƙasa, sau da yawa ba safar hannu, gwiwa da gwiwar hannu duk ƙurji, kuma idan an tashi babu mai tambayarsa ya jiki. Yaro mai hankalin karanta wasa, wanda da an ƙarfafa shi zai zama lamba 5 na gaske, sai ya gudu gaba don can ake samun liƙi, ya zama ɗan gaba na tsaka-tsaki, a yi asarar duka biyu. Sannan idan aka tashi haɗa ƙungiyar ƙaramar hukuma, ko za a kai yara gwaji Kano inda ake buga gasar Ramat ta matasa, sai a tara masu lamba 9 da 10 daga kowane gari a rasa mai tsayawa a baya. A wurin gwaji kuwa layin 'yan gaba ya fi kowane tsawo. Yaron Doguwa da ya iya lamba 3 da ƙafar hagu ya fi samun ƙofa a kan ɗan'uwansa da zai yi gogayya da mutum hamsin a kan riga ɗaya.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma yana hannun mutanen da na ambata da farko. Ranka ya daɗe mai sa kofi, idan ka ware kyautar mai yawan ci, ka ware irinta daidai wa daida ga gola da ɗan baya, kada ta zama ta share hawaye. Mai riƙe da littafin gasa ya ƙara layi biyu: wanda ya bayar aka ci, da ƙungiyar da aka tashi ba a zura mata ba. Zaɓen gwarzon wasa kuma a karɓe shi daga hannun masu ihu a bakin fili a ba kocin abokan hamayya, a tambaye shi wane yaro ne ya hana shi sakat yau. Amsarsa za ta sha bamban da ta 'yan kallo, domin shi ya san inda dabararsa ta maƙale. Mai lasifika ya koyi sunayen 'yan baya kafin a fara, ya yi wa wanda ya ƙwace ƙwallo kirari kamar yadda yake yi wa wanda ya ci.

Ku kuma masu horarwa, nauyin ya fi yawa a kanku, Malam. Yaron da bai kai shekara 15 ba bai kamata a ɗaure shi a gurbi ɗaya ba. Babban nan da ke ci muku uku-uku, ku mayar da shi baya na wata guda ya ɗanɗana yadda ake bin mutum, ko da za ku rasa wasa biyu a kan haka. Ƙaramin da ke raga don babu mai so, ku tambaye shi ko yana son wurin, idan yana so ku ware masa minti ashirin nasa shi kaɗai kafin sauran su iso, a nemo masa safar hannu ko ta gwanjo ce. Idan baƙo ya zo neman yara ya ce a nuna masa mai ci, ku nuna masa, sannan ku riƙe hannunsa ku ce ya tsaya ya kalli mai lamba 4 na minti goma, ya bar bin ƙwallo da ido, ya bi yaron kawai.